Hancin Kowasji

In aka ambaci tiyatar hanci a majalisunmu na nan Sabo, abin da ke faɗo mana a rai shi ne 'yan fim da matan attajiran Legas da muke gani a waya. Sai mu ce ai rashin godiyar Allah ne, mu wuce. To amma wannan aiki ba a kan masu neman ƙarin kyau ya fara ba. A kan waɗanda aka ci wa mutunci ya fara.

A Indiya ta dā, yanke hanci hukunci ne da ake yi wa mai laifi ko fursunan yaƙi, don duk inda ya shiga a gane shi. Shi ya sa masu maganinsu suka koyi mayar da shi. Tsohon littafin likitancinsu na Sushruta ya bayyana yadda ake auna hancin da ganye, a yanko fatar kunci daidai girmansa a ɗinka.

Labarin da ya kai fasahar Turai na wani talaka ne, Kowasji, mai kora shanun dakon kayan sojan Ingila. A 1792 dakarun Tipu Sultan suka kama shi, suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Bayan kamar shekara guda, wani mutumin ƙasar a kusa da garin Puna ya yi masa sabon hanci, likitocin Ingila biyu suna kallo. Ya gina siffar hancin da kakin zuma, ya baje ta a goshi, ya yanko fata daidai da ita, ya murɗo ta ƙasa ya rufe gurbin. Sai dai bai cire ta gaba ɗaya ba: ya bar ɗan siririn sashe tsakanin gira a manne, don jini ya ci gaba da ratsawa har fatar ta kama. Dabarar duk a nan take. Kuma fa babu allurar kashe zafi a lokacin. A 1794 wata mujallar Landan ta buga labarin, a 1814 likita Joseph Carpue ya gwada a can, aka dace.

Gyaran hancin da lafiyarsa ƙalau ya zo ne daga baya, a hannun John Roe a Amurka a 1887, da Jacques Joseph a Balin a 1898. Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa shi ya mai da abin fanni na musamman, lokacin da Harold Gillies ya riƙa gyara fuskokin dubban sojoji a asibitin Sidcup daga 1917. Ita ma allurar Botox ta goge tamoji, daga guba aka samo ta, kuma masu harara-garke aka fara yi wa. Sai a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi ta don kwalliya.

Mu kuwa da danginmu ke Arewa, maganar ba ta yi mana nisa ba. Cutar noma, wadda ake ce wa ciwon iska a ƙasar Sakkwato, tana cinye kunci da leɓe da hancin ƙananan yara masu fama da tamowa cikin 'yan kwanaki. Yawancin waɗanda ba su samu magani ba mutuwa suke yi, wanda ya tsira kuma sau da yawa ɓoye shi ake yi a ɗaka. Tun 1999 akwai asibiti a Sakkwato da aka keɓe don su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin waɗanda aka yi watsi da su a Disambar 2023. Har gobe, likitan da zai gina wa irin wannan yaro hanci yakan fara duban goshinsa ne, kamar yadda aka duba na Kowasji.