Sarƙewar numfashin jarirai: Abin da ya kamata iyaye su sani kan shaƙar ruwan gishiri

A Faru da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara a Jihar Zamfara, idan mura ta kama jariri, abin da aka fi yi shi ne a shafa masa man zafi a ƙirji, a lulluɓe shi, a jira gari ya waye. Sau da yawa murar kan wuce da kanta. Amma akwai wadda bayan kwana biyu ko uku takan sauka ƙirji, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar usur, jariri ya kasa kama nono. Wannan ciwo shi likitoci ke kira bronkiyolaitis, wato kumburin ƙananan hanyoyin iska da ke cikin huhu.

Mene ne ke kawo shi?

Ciwon ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 2, musamman 'yan wata 3 zuwa 6. Ƙwayar cutar bairos ce ke haddasa shi, kuma wadda ta fi yawa ita ce RSV, mai yaɗuwa ta tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba. Hanyoyin iskar jariri sirara ne ƙwarai, don haka da zarar sun kumbura majina ta taru a ciki, sai iska ta rasa wurin wucewa. Ciwon kan yi tsanani tsakanin rana ta 3 da ta 5, tarin kuma yana iya kai mako 3.

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 RSV ta yi sanadin mutuwar yara sama da 100,000 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, kuma kashi 97 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki suka faru. Bakwaini, da masu ciwon zuciya na haihuwa, da masu tamowa sun fi shiga haɗari. Hayaƙin murhu da na taba da ƙurar hunturu kuma suna ƙara wa ƙirjin da ya riga ya kumbura wahala.

Mene ne shaƙar ruwan gishiri?

Ruwan gishirin asibiti iri biyu ne a wannan magana. Na farko shi ne mai gishiri kashi 0.9 cikin 100, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, ana kuma ɗiga shi a hanci don sassauta majina. Na biyu shi ne mai ƙarfi, yawanci kashi 3 cikin 100, wanda ake zubawa a na'urar nebulaiza ta mayar da shi hazo, jariri ya shaƙa ta abin rufe hanci da baki. Manufar ita ce gishirin ya jawo ruwa cikin majina ta tsinke, ta fi sauƙin fita.

Masana ba su haɗu a kan amfaninsa ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwaje da dama ta nuna yana iya rage zaman asibiti da kimanin awa 10, amma ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2014, ta yarda a ba jariran da aka kwantar, ta hana a sashen gaggawa. Hukumar NICE ta Ingila kuwa a 2015 cewa ta yi kada a yi amfani da shi a wannan ciwo. Haka kuma yana iya tayar da tari ko ya ƙara matse ƙirji na ɗan lokaci, shi ya sa ba a yin sa sai da umarnin likita da idon ma'aikacin jinya.

Saboda haka kada uwa ta jiƙa gishirin miya a gida da sunan magani. Ba shi da tsabtar da ake buƙata, kuma ba a san ma'auninsa ba. Surace da tafasasshen ruwa ma ba a tabbatar yana da amfani ba, ga haɗarin ƙuna.

Aikin ma'aikatan jinya

Tunda babu maganin da ke kashe ƙwayar kai tsaye, jinya ita ce ginshiƙin warkewa. Ma'aikaciyar jinya kan ƙirga numfashi, ta duba lotsawar ƙirji, ta maƙala ƙaramar na'ura a yatsa ko ƙafa don auna iskar oksijin a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa wa yaro oksijin idan ma'aunin ya gaza kashi 90 cikin 100. Takan share hancin a hankali kafin shayarwa, ta sa a ba da nono kaɗan-kaɗan akai-akai. Idan jariri ya kasa tsotso, a tatsa a ba shi ta siririyar robar hanci, ko a yi masa ƙarin ruwa. Takan kuma wanke hannu da kayan na'ura tsakanin yaro da yaro.

Magungunan kashe bakteriya da ake saye a kemis ba sa aiki a kan bairos. Likita ne kaɗai zai sa su idan yana zargin limoniya, wadda alamominta kan yi kama da na wannan ciwo. Zazzaɓi kuma na buƙatar gwajin maleriya.

Yaushe za a garzaya asibiti?

A buɗe ƙirjin jariri yana kwance cikin natsuwa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ya yi sauri idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga wanda ya wuce shekara. Kada a jira idan ƙasan ƙirji na lotsawa, ko hanci na buɗewa, ko yana gurnani, ko numfashi na ɗaukewa, ko leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya ƙi nono, ko fitsari ya ragu, ko ya yi laushi ba ya farkawa da sauƙi.

Ga mazauna ƙauyukan wannan yanki, inda matsalar tsaro ta sa fitar dare ke da haɗari, hikima ita ce a tafi tun da rana, tun alamomin suna farko. A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a tambaya ko akwai oksijin. Idan babu, a nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Talata Mafara, daga nan kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Rigakafi

A shayar da nono zalla har wata 6, a wanke hannu kafin ɗaukar jariri, a nisanta shi da masu mura ko da ranar suna ce, kuma kada a goya shi a gaban murhu. Kada a kai shi wurin wanzami cire beli saboda tari, kada a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su fara ba masu juna biyu rigakafin RSV ko a yi wa jarirai allurar kariya. Kafin wannan ya wadata, idon uwa da saurin yanke shawarar maigida su ne kariya ta farko.