Gangar Bokayen Sami

A can ƙarshen arewacin Turai, a ƙasashen Nowe da Suwidin da Finlan da Rasha, akwai wata al'umma da a ke kira Sami. Ƙasarsu ƙasar sanyi ce da ƙanƙara. Babbar dukiyarsu wata irin barewa ce mai ƙaho rassa-rassa, suna kiwonta kamar yadda Fulani su ke kiwon shanu. Kafin addinin Kirista ya kafu a cikinsu suna da bokaye waɗanda su ke kira noaidi. Babban kayan aikin bokan nan kuwa ganga ce.

Gangar fuska ɗaya gare ta, kamar bandiri, amma siffarta ta ƙwai ce. Mutanen arewa su kan nemi ƙullutun da ya fito a jikin itace, su sassaƙe shi kamar akushi, su huda ramuka biyu a gindinsa don wurin riƙewa. Mutanen kudu kuwa siririn katako su kan lanƙwasa ya kewayo. Sa'an nan a ɗauko fatar barewa ɗanya, wadda ba a jeme ba, a kankare gashinta, a jiƙa ta, a ja ta bisa itacen tun tana da laushi, a ɗinke da jijiya. Sa'ad da ta bushe sai ta ɗame. In sanyi ya sa ta saki, a kan gasa ta kusa da wuta kafin a kaɗa.

Bayan wannan sai zane. A kan tauna ɓawon wani itace mai ba da jan ruwa kamar jini, da shi a ke zana rana, da abubuwan bautarsu, da dabbobi, da mazaunin matattu. Makaɗin da ƙahon barewa a ke yinsa. In ana neman sanin wani abu, kamar cuta ko wurin farauta, sai a ɗora zoben tagulla bisa fatar, a yi ta kaɗawa, zoben yana tsalle. Zanen da ya tsaya a kai, shi ne amsa. Wani lokaci kuma boka ya kan yi ta kiɗa da waƙa har ya faɗi kamar matacce. A imaninsu kurwarsa ce ta tafi wata duniya neman magani.

Da sarakunan Suwidin da Danmak su ka ƙudura mai da Sami Kirista, sai su ka hana gangar. A shekarar 1692 aka gurfanar da wani tsoho, Anders Poulsen, gaban shari'a a garin Vadso na ƙasar Nowe, wadda a zamanin nan ta ke ƙarƙashin Sarkin Danmak. Tsohon ya kaɗa gangarsa a gaban alƙalai, ya bayyana musu ma'anar zanenta, ya ce taimakon mutane ya ke yi da ita, bai cuci kowa ba. Tun ba a yanke hukunci ba wani mutum ya sare shi da gatari yana tsare, ya mutu. Aka aika da gangar birnin Kofenhagen. A 1693 kuma aka ƙone Lars Nilsson a Arjeplog ta ƙasar Suwidin, don ya ƙi rabuwa da gangarsa.

Daga 1716 wani mai wa'azi, Thomas von Westen, ya yi ta bin ƙasar Sami yana karɓe ganguna. Ya tara wajen ɗari aka kai Kofenhagen, amma gobarar da ta ci birnin a 1728 ta ƙone galibinsu. Tsofaffin gangunan da su ka rage a duniya yau kamar saba'in ne, yawancinsu a gidajen adana kayan tarihi.

Gangar Anders Poulsen ta kuɓuta daga wutar nan. A 1979 aka ba da aronta ga gidan tarihin Sami da ke Karasjok. Sami su ka daɗe suna roƙo a bar musu ita, domin sun ce ƙwace ta aka yi, ba saye ba. A 2022 gwamnatin Danmak ta yarda, gangar ta zama tasu, bayan shekara 330 da karɓe ta daga hannun mai ita. Yau akwai masu sana'a a cikin Sami da su ke duban tsofaffin gangunan nan suna sassaƙa sababbi.