Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Harajin Gini: Yadda Aka Riƙa Auna Dukiyar Talakan Kano

A 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka Kano, ya kuma bincika inda fada take samun kuɗi. Ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 a shekara kuɗin ƙasa, kowane ramin rini a karofi kuma wuri 700. A Zazzau, in ji shi, fartanya ake ƙirgawa. Ga zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, ga jangali a kan shanu. Tun a lokacin tambayar da ke gaban hukuma ita ce: me za a ƙirga, mutum ko abin da ya mallaka?

A wancan zamani hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse. Jakadan hakimi shi ke tafiya wurin dagaci, dagaci ya raba wa masu unguwanni, su kuma su bi gida-gida. Kafin wurin ya kai fada ya ratsa hannuwa da yawa, kowane hannu kuwa sai ya rage.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, wannan yoyo ne ya tsone musu ido. Dokar haraji ta Lugard ta 1906 ta nemi a dunƙule ƙananan kuɗaɗen nan su zama ɗaya. Aka kawar da jakadu, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka buɗe Baitulmali, sarki da hakimai suka koma kan albashi. Sannan aka matsa a biya da sule maimakon wuri. Kafin wannan manomi na iya ajiye hatsinsa a rumbu. Daga nan kuwa dole ya kai wani abu kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma neman sulen haraji na cikin abin da ya tura talakawa noman gyaɗa.

Gwaji mafi muhimmanci a wannan tarihi shi ne taki, wanda aka soma a Kano wajen 1909, zamanin Sarki Abbas da Razdan Temple. Malamin taki yakan zo gona da littafinsa, ya taka tsawonta ya taka faɗinta, ya ƙirga sawu, ya lissafa girmanta, ya rubuta sunan mai ita da abin da zai biya. Gida ma aka sa masa nasa kuɗi dabam. A ƙa'ida babu adalcin da ya wuce wannan: mai gandu babba ya biya da yawa, mai 'yar gayauna ya biya kaɗan, kuma dagaci ba shi da ikon ɗora wa wanda ba ya so. Amma gonar Bahaushe ba ta da kusurwa huɗu daidai, ƙafar malami ma ba ɗaya ba ce da ta ɗan'uwansa. Wanda ya ba da goro sai sawun ya yi tsawo, gonarsa ta ƙanƙance a littafi. Gona kuma tana rabuwa da gado, ana sayar da ita, ana jinginarwa, ana barinta saura, littafi kuwa yana nan yadda aka rubuta shi shekarun baya. Sai ka ga an zo neman kuɗi da sunan mamaci.

Maganin wannan shi ne a horar da ma'auna, a biya su da kyau, a riƙa sabunta littafi. An gwada hakan da awon safiyo a gundumomin da ke kusa da birni. Sauran wurare kuwa, cikin shekarun 1920, aka zaɓi hanya mai arha: a yanka wa gari jimla, a raba ta kan balagaggun maza. A ganina nan ne aka yi babbar ɓarna. Aka bar ƙirga dukiya aka koma ƙirga kawuna, ɗan ƙwadago da attajirin ƙauye suka kusa zama ɗaya a wurin biya. Wanda ya kasa kawowa, dogarai su kama shi, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko ya sayar da akuyarsa, ko ya tsere cin rani. Wannan wulaƙanci jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙa tun daga 1950. A Oktoban 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murnar da suka cancanta.

Harajin kadara dai bai mutu a doka ba. Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, mai takardar mallaka yana biyan jiha kuɗin fili duk shekara. Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin kimanta gidaje masu zaman kansu domin karɓar harajin da majalisar jiha ta tsara. Yadda ake so a yi shi ne jami'in ƙima ya duba gini, ya ƙiyasta darajarsa ko kuɗin hayar da zai kawo a shekara, a shigar da shi rajista, a ɗauki wani kaso, a aika wa mai gida takardar neman biya, a ba shi damar ƙorafi in ya ga an zalunce shi. Masallatai da coci-coci da maƙabartu galibi an ɗauke musu. Legas ta haɗe nata kuɗaɗen wuri ɗaya tun 2001. Kano da Kaduna sun kafa hukumomin taswirar filaye ta kwamfuta, KANGIS da KADGIS.

Amma ƙananan hukumomi sun saba jiran kason wata daga Abuja, kuma ba shugaban da ke son a ce shi ya dawo da haraji. Unguwanni da dama sun tashi a bayan ganuwa ba lambar gida, ba sunan layi, balle rajistar ƙima. Saboda haka masu rasit sukan nufi mai shago da mai tebur a kasuwa, waɗanda ke da sauƙin kamawa, yayin da mai benen haya goma yake iya shekara ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.