Tarihin Gidauniyar EEF mai binciken hanyoyin koyarwa a Ingila

A shekarar 2011 aka kafa gidauniyar Education Endowment Foundation, wadda aka fi sani da EEF, a ƙasar Ingila. Ma'aikatar ilimi, a zamanin minista Michael Gove, ta ware fam miliyan 125 ta danƙa wa ƙungiyar Sutton Trust da takwararta Impetus Trust domin su kafa cibiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Abin da ya jawo haka shi ne yadda 'ya'yan talakawa ke kammala makaranta a bayan 'ya'yan masu hali, tazarar kuma tana ƙara faɗi yayin da suke hawa aji.

Ƙarƙashin shugabanta na farko, Kevan Collins, gidauniyar ta ɗauki salon da likitoci ke bi wajen gwada sabon magani. Idan aka zo da wata dabarar koyarwa, sai a raba makarantu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ɓangare ɗaya ya yi aiki da ita, ɗayan ya ci gaba yadda ya saba. Masu bincike daga waje ne ke auna sakamakon, kuma ana wallafa shi ko dabarar ta yi nasara ko ta faɗi. Wannan sharaɗi ya fi komai jawo mata daraja, domin ba kasafai mai bayar da kuɗi ke yarda a bayyana cewa abin da ya kashe wa kuɗi bai haifar da ɗa mai ido ba.

Aikinta da ya fi shahara shi ne kundin jagorar malamai, wanda Farfesa Steve Higgins da abokan aikinsa na Jami'ar Durham suka assasa. Kundin yana nuna tsadar kowace dabara, da ƙarfin hujjarta, da yawan watannin ci gaban da take ƙara wa ɗalibi. Ya nuna cewa yi wa yaro gyara dalla-dalla a kan aikinsa yana da arha kuma yana da amfani sosai. Rage yawan ɗalibai a aji yana cin kuɗi masu yawa, ribarsa ba ta kai yadda ake zato ba, maimaita aji kuwa galibi baya yake mayar da yaro. Batun mataimakan malamai ya tayar da ƙura, ganin hujjojin farko sun nuna tasirinsu kaɗan ne, amma daga bisani gidauniyar ta fayyace cewa suna da amfani matuƙar an horar da su an ba su takamaiman aiki.

Ba ta tsira daga suka ba. Wasu masana na ganin cewa da yawa daga gwaje-gwajen ba su bayar da amsa tsayayya, kuma lissafin watanni yana cakuɗa binciken da aka yi a yanayi mabambanta.

A 2013 gwamnati ta sanya ta cikin cibiyoyin tantance manufofi na ƙasa, a 2022 kuma ta ƙara mata fam miliyan 137. A nahiyar Afirka, ƙungiyar eBASE Africa da ke Kamaru ta daidaita kundin domin malaman Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya.