Dutsen Wasa Wuƙa a Jimeta

Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Hausawa ke biyo hanyar fatauci suna sauka a wannan ƙasa. Fulani na da shanu, amma fawa da wanzanci da dukanci sun fi yawa a hannun baƙin da suka zo daga ƙasar Hausa, kuma duk cikinsu babu sana'ar da ke tafiya ba da kaifi ba. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa a bakin Binuwai, inda jiragen ruwa ke tsayawa idan kogi ya cika da damina. Wuƙaƙen kanti suka shigo suka tarar da na maƙera, amma ko wacce iri ce, in ta dakushe kan dutse take komawa.

A gidan mahauta ba a fara bai wa yaro wuƙar yanka. Sai ya daɗe yana wasa ta wasu. Ni kaina a gidan kakana na koya, da wata tsohuwar wuƙa da ba a jin asararta. Dutse biyu ne: mai kaushi da ke cin ƙarfe, da mai laushi da ke gyara baki. A yayyafa ruwa, a kwantar da wuƙar a ɗan ɗaga bayanta, a riƙa turawa ba tare da hannu ya sauya kwanciyarta ba. Wahalar duk tana nan. Ka ɗaga da yawa ka kashe bakin, ka kwantar da yawa ka goge jikinta a banza. Sai ka ji ɗan gashin ƙarfe ya taso ta ɗaya gefen, sannan ka juya. Ranar da na yi gaggawa, kakana ya shafa bakin da babban yatsa, ya ce, "Ɗan nan, wannan ko tuwo ba za ta yanka ba," ya miƙo mini ita.

Wanzamai kuwa ba sa tsayawa a dutse, sai sun bi askar da fata.

Malamai ma suna da ta cewa a nan. Hadisi na 17 a Arba'una ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar. Shi ya sa abin da nake gani da Babbar Sallah ke damuna: ana gobe layya kowa ya kwashi wuƙaƙe zuwa wurin mai injin wasa. Injin yana da sauri, ba musu, sai dai in ba a tsoma ƙarfen a ruwa ba yakan yi zafi har bakin ya yi shuɗi, ya saki. Rago ɗaya za ka fiɗe ta dakushe, kuma a gidan babu wanda ya san yadda zai tashe ta.

Dutsen kakana yana nan. Tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, yanzu da shi ake tokare ƙofar zaure.