Ɗigon Jini da Aikin Ƙarfi Bayan Tiyatar Sankarar Mahaifa: Nazari a Kan Matan Yankin Maska

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗan jinin da mace kan gani bayan an cire mata mahaifa saboda sankara, da alaƙarsa da komawa aikin ƙarfi tun rauni bai kama ba. An yi bitar abin da likitocin mata suka rubuta, aka auna shi da aikin yau da kullum na matan Maska, a ƙaramar hukumar Funtuwa ta jihar Katsina. Maƙalar ta nuna cewa gargaɗin da aka saba yi wa majinyaciya bai ambaci aikin da ke jiranta a gida ba.

Gabatarwa

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2020 ta nuna cewa mata kusan 12,000 ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa. Yawancinsu sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti, lokacin da tiyata ba ta da sauran amfani. Waɗanda aka gano da wuri a yankin Funtuwa da Malumfashi akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na tarayya da ke Katsina. Bayan wani bincike na 2018 da ake kira LACC, likitoci da dama sun koma tsaga ciki a aikin cire mahaifa. Ke nan mace za ta koma gida da rauni biyu: na fatar ciki da kowa ke gani, da na can saman farji inda aka ɗinke gurbin mahaifa.

Jinin da aka saba da wanda ba a saba ba

Ɗinkin ciki da zare mai narkewa ake yin sa. Ɗigon jini ja-ja ko mai ruwan ƙasa yakan ɗauki har mako shida, yakan kuma ɗan ƙaru wajen mako na biyu, sa'ad da zaren ya fara saki. Allurar hana daskarewar jini, wadda akan ba masu sankara har kwana 28, tana iya ƙara shi. Wannan bai isa tayar da hankali ba. Amma jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko mai gudaji, ko mai wari tare da zazzaɓi, ko ruwa ya ɓalle farat ɗaya da ciwon mara mai tsanani, alama ce ta ƙwayar cuta ko warwarewar ɗinki. Warwarewar ba ta cika faruwa ba, sai dai idan ta faru hanji na iya leƙowa, kuma aikin gaggawa ne. Saduwa da wuri da yunƙuri mai ƙarfi na cikin abin da ke jawo ta. Ƙarancin jini, ciwon suga da gashin sankara suna jinkirta warkewa.

Aikin gida a Maska

Littattafan likitanci kan ce kada mace ta ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako shida. Hujjar wannan iyaka ba ta da ƙarfi sosai: binciken Weir da abokan aikinsa na 2006 a Amurka ya gano cewa ayyuka da dama da ake hanawa ba su matsa ciki fiye da tashi daga kujera. To amma ba a gwada taɓarya a can ba. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ninki biyar na iyakar. Mai surfe tana ɗaga taɓarya sama da kai, ta sauke da ƙarfin mara, ta maimaita har dusa ta fita. Mai jan guga tana riƙe numfashi a duƙe. Da kaka kuwa, in masara da dawa da waken suya suka shigo gida, ga sussuka ga shiƙa, ba mai zama. Matar da ta ga ƙarin ɗigo da yamma bayan irin wannan wuni, jikinta ne ke cewa ta wuce gona da iri. Idan ya ragu bayan hutun kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Idan bai ragu ba, sai asibiti.

Al'ada ta san hutun mai jego na kwana arba'in, har da mai kula da ita. Wadda aka cire wa mahaifa ba ta da wannan gata, domin ba jariri a hannu, sau da yawa ma ɓoye aikin take yi don gudun gorin kishiya. Kunya kuma kan hana ta faɗa wa miji cewa likita ya hana kusanta har mako shida zuwa takwas. Kwanciya dungurungum ita ma kuskure ce: tafiya a hankali cikin tsakar gida tana hana jini daskarewa a ƙafa.

Shawarwari

Ranar sallama, ma'aikaciyar jinya ta kira aikin da sunansa: daka, surfe, jan ruwa, ɗaukar itace, goyo. Ta faɗe shi da Hausa a gaban miji da uwar miji, ba majinyaciya kaɗai ba. A kuma sanar da ma'aikatan asibitocin matakin farko na yankin alamomin haɗari, su tura mace babban asibitin Funtuwa ba tare da jiran ranar komawa Shika ba.