Kayan aikin gyaran injin tsofaffin motoci a Kano

Tun a shekara ta 2006 aka daina harhaɗa motar Peugeot 504 a Najeriya, amma har yanzu akan ci karo da ita a garejojin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, tare da wasu motocin zamaninta.

Babbar matsalar masu irin waɗannan motoci ita ce ƙarancin kayan gyara na asali. Noti guda da ya cinye, ko ƙusa guda da ta karye a cikin inji, na iya ajiye mota tsawon makonni.

Saboda haka ne zaɓen kayan aikin hannu ke da muhimmanci ga bakanike da kuma mai mota.

Motocin

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekara ta 1968, kuma a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocinsa a Kaduna. Daga nan Fijo, kamar yadda Hausawa ke kiranta, ta zama motar ma'aikatan gwamnati da kuma ta haya tsakanin garuruwa.

A cikin wannan shekarar ce kuma aka soma harhaɗa Volkswagen Beetle a Legas, motar da injinta ke baya, kuma iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba.

Akwai kuma Land Rover ta Ingila, da Datsun da Toyota na Japan.

Injinan waɗannan motoci na aiki ne da kafireta da kwantak, ba su da kwamfuta. Kusan dukkan gyaransu da hannu ake yi.

Milimita ko inci

Abu na farko shi ne sanin ƙasar da aka ƙera motar. Faransa da Jamus da Japan na auna noti da milimita, yayin da tsofaffin motocin Ingila da Amurka ke amfani da inci.

Bambancin kaɗan ne a ido, amma ɓarnarsa na da yawa. Notin rabin inci faɗinsa milimita 12.7 ne. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, sai dai za ta yi sako-sako, kuma da zarar an sa ƙarfi sai ta murje kusurwoyin notin.

Ko a cikin masu milimita akwai bambanci. Motocin Turai sun fi buƙatar lamba 10 da 13 da 17 da 19, na Japan kuwa 10 da 12 da 14 da 17.

Wasu tsofaffin Land Rover na ɗauke da wani awon na daban mai suna Whitworth, wanda ke da nasa sifanonin.

Sifana da soket

Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, don haka ba ita ce ta kwance notin da ya shekara talatin a ɗaure ba. Aikin na mai zobe ne ko soket, waɗanda ke kewaye notin baki ɗaya.

Soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe notin da ya yi tsatsa.

Ga bututun mai da na birki akwai sifana mai zobe da aka tsaga bakinta, domin notinsu na da laushi.

Fulogin 504 na can ƙasan wani dogon rami a kan injin, saboda haka sai da dogon soket na fulogi. Beetle kuma na da wasu manyan notuna masu lamba 36 da ke buƙatar soket mai ƙwari da doguwar mariƙa.

Awon ɗauri

Kayan aikin da aka fi yin sakaci da shi shi ne sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Gangar injin 504 ta baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne, wanda ya fi taushi. Idan aka ɗaure ƙusoshin kan injin da ƙiyasi, wata ta fi wata tsauri, kan na iya karkacewa, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Littafin gyaran kowace mota ya faɗi adadin ƙarfin da kuma jerin da za a bi, yawanci daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki.

Injin 504 na da silif da ake iya zarewa. Idan an cire kan injin, wajibi ne a danne su da maɗauri kafin a juya injin, in ba haka ba za su motsa, ruwa ya riƙa yoyo ta ƙarƙashinsu.

Shi kuwa fulogi, da yatsu ake soma ɗaura shi. Sa masa sifana tun farko na iya cinye tiredin alminiyam.

Ma'aunin tazara

Wannan jerin siraran ƙarafa ne masu kama da reza, kowanne da kaurinsa a rubuce. Da su ake saita bawul da kwantak da bakin fulogi.

A yawancin injinan Beetle tazarar bawul milimita 0.15 ce, kuma sai injin ya huce sarai ake aunawa. Ta kwantak kuma milimita 0.4 ce.

Bawul ɗin da aka matse fiye da kima na ƙonewa, musamman a yanayin zafi irin na Kano cikin watannin Maris da Afrilu.

Sukudireba ma sai wanda bakinsa ya cika tsagar ƙusa daidai, domin sassan kafireta na tagulla ne, ba su jure zamewa.

A kasuwa

An kafa Sabon Gari ne domin baƙi bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, kuma a yau tana cikin ƙaramar hukumar Fagge. A kasuwarta da shagunan da ke kewaye, da kuma kasuwar Ƙofar Ruwa, ana samun sababbin kayan aiki da na hannu da ake kawowa daga Turai.

Tambarin fitaccen kamfani, ko rubutun Cr-V mai nuna ƙarfe mai ƙwari, ba su isa shaida ba, tun da jabu ma na ɗauke da su.

Mai saye kan iya zuwa da sabon noti ya gwada. Sifana ta gari za ta zauna a kai ba tare da girgiza ba. A kayan hannu kuwa, abin dubawa shi ne ko bakin ya buɗe ko kuma akwai tsagewa.

Ga mai farawa, sifana masu zobe daga lamba 8 zuwa 19, da soket, da ma'aunin tazara, da filaya da sukudireba sun isa gyaran yau da kullum.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Sifanar da ta lanƙwashe ana iya sayen wata a ranar, amma kan injin motar da aka daina ƙerawa, sai an yi dace a same shi.